Gwangwanin maganin Inna

Kwana uku ana yi wa Baba allurar penisilin a asibiti nan Yamai, amma numfashinsa sai ƙara sama yake. Shekarar fari ce, zamanin soja, ina ɗaliba a unguwar Lamorde.

Likita ya fito da takardar labo ta sakamakon gwaji, ya dubi mahaifiyata.

"Hajiya, ƙwayoyin cutar da ke huhunsa sun canza halitta, maganin nan ba ya kama su. In sun hayayyafa, 'ya'yansu ma haka za su gada. Yana shan magani a gida?"

Inna ta ce, "Ni ke ba shi, likita. In tari ya lafa bayan kwana biyu, sai in adana sauran a gwangwani saboda maƙwabta. Lokacin nan wa ke zubar da abu?"

"To, masu raunin kike kashewa, masu taurin su rage su cika gida."

Ni ma daga gwangwanin nan nake sha.

Aka sauya magani, da ƙyar Baba ya tashi. Inna ba ta sake buɗe gwangwanin ba.

Ku faɗi gaskiya, wa ke da irinsa a ɗaka yanzu haka?