Faifai Mai Shuɗin Zare

Yau shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar maƙwabcina Obi Mai Garmaho, kuma har yanzu in na ga shuɗin zare a kan keken ɗinki sai in tuna da shi.

Ni tela ne. Shagona da nasa a bakin kasuwar Funtuwa katako kawai ya raba su. Shi ɗan kabilar Ibo ne, Kirista, amma a Zariya aka haife shi, in yana Hausa sai ka rantse ɗan gari ne. Faifan garmaho yake sayarwa, da allurar garmahon, ya kuma kafe lasifika a saman ƙofa yana ja da batirin mota. In kakar auduga ta yi, samarin Tsiga da Mahuta sai su cika mana ƙofa. Su auna tsukakken wando a wurina, su zagaya wurinsa su zaɓi kiɗan da za su taka da wandon. Yakan ce da ni, "Malam Mamman, kai ka matse su, ni in girgiza su."

Yawancinmu ba mu karanta boko, har da ni. Sai ya riƙa karɓar ragowar zare a wurina yana ɗaure wa kwalin kowane faifai. Ja na goge ne, kore na kalangu, shuɗi kuwa na kiɗan kudu, wanda ake kira hailaif. Yana kuma da doka guda da duk kasuwa ta sani: ba ya sa shuɗi sai bayan la'asar. Da safe dattawa ne ke shigowa daga ƙauye, in ji shi, bai kamata a tarbe su da kiɗan rawar samari ba. Ko nawa za ka ba shi da hantsi, sai dai ka saya ka je gida ka ji.

A 1966 gari ya rikice. Ba zan tsaya bayani ba, waɗanda suka gani sun sani. Obi ya riga ya tura iyalinsa, shi kuwa ya tsaya da taurin kai, wai wa zai taɓa shi a Funtuwa. Wata safiya muka ji ihu daga wajen tasha, ana fasa shagunan mutanen kudu, ana kuma bincika na maƙwabtansu. Na cusa shi ƙarƙashin teburin da nake yanka yadi a kai, na rufa yadin akoko har ƙasa. Sannan na karɓi makullinsa na buɗe shagon nasa na zauna, don na lura rufaffen shago ake fara ɓallewa.

Suka iso, sun fi ashirin, da sanduna da adduna. Rabinsu wandon da na ɗinka ne a jikinsu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

"Ina Obi?" in ji na gabansu.

"Ya bi mota shekaranjiya. Ya bar mini shago."

"Ƙarya kake, Tela. Jiya ma mun ji kiɗa."

"Ni na sa."

"To sa mu gani."

Na juya ga kanta a gaggauce, ban tsaya duba zare ba. Ja na yi niyyar ɗauka. Na ɗora faifai, na sauke allura, sai ga kakaki da jita sun ɓarke a lasifika, da muryar mawaƙi yana rera waƙa da harshen Ibo. Shuɗi na ɗauko. A gaban mutanen da ke neman jinin Ibo, da hantsi, ni Mamman na sakar musu wannan. Na gabansu ya ɗaga sanda, wani ya nufi ƙofar shagona.

Sai Sale, wani ɗan kamasho da ke cikinsu, ya tuntsire da dariya. "Kai, ku zo mu tafi. Wallahi Obi ba ya garin nan. Da yana kusa, ko a kabari yake sai ya taso ya kashe wannan. Yaushe ya taɓa sa shuɗi da safe?"

Wasu suka yi dariya, don kowa ya san haka ne. Suka farfasa faifai kaɗan, suka yi gaba. Washegari muka fitar da Obi daga gari a motar hatsi, cikin babbar riga da hular da na ba shi.

Bayan yaƙin basasa ya dawo, ya rame, ya sake kafe lasifikarsa, kuma a Funtuwa ya tsufa har ya rasu. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga jikokina, kowa ya toshe kunne da waya, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke ji. Ina jin zai yi tsaki. Shi a wurinsa kiɗa na duk wanda ke wucewa ne, shi ya sa yake duba wa ke kan hanya kafin ya sauke allura. Wannan ladabin ne ya tsirar da shi, ba dabarata ba.

Sale bai taɓa yi mini zancen ranar ba sai a wurin jana'izar Obi. Muna tsaye a bayan coci, ya matso kusa da ni ya ce, "Tela, yadinka fa bai kai ƙasa ba. Tun daga ƙofa na ga takalminsa."

Shi kuwa Obi, a waccan ranar ta 1966, da na yaye akokon na same shi ya jiƙe sharkaf da gumi. Na zaci godiya zai yi. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Malam Mamman, je ka cire faifan nan. La'asar ba ta yi ba."