Bashin da Malam Bai Ci Ba

Malam ya rasu da hantsi, kafin azahar an kai shi. Haka muke yi a cikin gari, gawa ba ta yini. Ina daga ɗaki na jiyo muryar ƙaninsa a ƙofar gida bayan an sallace shi, yana cewa duk mai bin marigayi bashi ya fito ya faɗa, ko da kwabo ne. Sau uku ya faɗa.

Mutum ɗaya ya fito, wani mai sayar da injina a Ƙofar Ruwa. A shekarun nan da soja suka koma bariki aka ce 'yan fansho kowa ya buɗe asusu a banki, Malam kuwa tsohon masinja ne a ofishin gwamnati. Da fanshon ya fara shiga ta can, sai ya karɓo mini injin markaɗe, aka shirya cewa duk ƙarshen wata banki zai cire wani abu ya tura wa mai injin. Ni dai abin da na sani, inji yana soro, ina markaɗa wa matan Zaitawa wake da tattasai.

Mutumin ya ce saura biyan wata uku. Kafin sadakar bakwai na sayar da tunkiyata da 'yan kunnena, ƙanin Malam ya kai masa a gaban shaidu, ya ce ba ya binmu komai. Na shiga takaba da sanyin zuciya, na ce mijina ya kwanta ba nauyin kowa a kansa.

Ina cikin takabar nan wasiƙu suka fara zuwa. Wani tsohon abokin aikinsa ne yake kawowa daga akwatin gidan waya na ofishinsu, ya tsaya a soro ya miƙo. Farar ambulan, da sunan Malam a kai, haka ya ce mini. Na ɗauka ta'aziyya ce daga manyansa na wurin aiki. Har daɗi na ji, na ce ashe ba su manta da shi ba, duk wata sai sun aiko. Ban bari an buɗe ba, don ban ga mai takaba da jin yabon miji a bakin maza ba. Na jera su a adaka, a ƙarƙashin rigarsa ta Juma'a. Guda huɗu suka taru.

Ranar da na fita takaba babbar 'yata ta zo daga Sheshe, ita ce mai koyarwa a firamare. Na ɗauko mata na ce ta karanta mini gaisuwar mutanen babanta. Ta buɗe ta farko ta duba. Ta buɗe ta biyu.

"Inna, wannan ba gaisuwa ba ce. Banki ne."

"Banki ma ai sun san shi."

"Bin sa suke, Inna."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ba wanda ya je ya gaya wa banki Malam ya rasu, ba wanda ya gaya musu an biya mai inji a hannu. Fansho ya tsaya, asusu ya bushe. Duk ƙarshen wata sai su je cire kuɗin inji su tarar ba komai, sai su ci tararsa su rubuta a kansa, kuma ba za su daina ba sai an je an tsayar. Tara huɗu da ɗoriyarta, ya kusa kuɗin buhun gero.

Malam mutum ne da zai koma har bakin masallaci don ya manta bai biya kuɗin goro ba. Mun sha ji a wurin karatu cewa mamaci mai bashi a tsare yake har sai an biya masa. Wata huɗu da kwana goma ina zaune ina yi masa addu'a, ashe takardar tsaronsa tana cikin adakata, ni da hannuna na lulluɓe ta da rigarsa.

Na ce a sayar da injin a biya yau. 'Yata ta ce, "Wallahi ba za a biya ba. Me Baba ya ci nasu? Yana kabari za su ce ya ƙi biya?" Na aika wa limamin unguwa. Ya ce in bashin gaskiya ne wajibi a biya, in kuwa ɗora masa aka yi ba bisa haƙƙi ba, babu komai a kansa, amma shi ba zai iya rabewa ba sai masu shi sun faɗa. Wannan amsa ta fi komai tsorata ni, don ta bar Malam a tsakiya.

Ban taɓa shiga banki ba sai ranar. Ƙofarsu kamar akwati take a tsaye, mutum ɗaya take ɗauka, ta rufe ka gaba da baya. Da ta rufe ni sai na tuna inda Malam yake, na kama salati da ƙarfi har mai gadi ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ba ta cin mutane."

Yarinyar da ke aiki a bayan kanta ta duba takardun ta ce, "Sai mai asusun ya zo da kansa."

Na ce, "'Yar nan, ba zai samu zuwa ba. Yana maƙabarta."

Ta sunkuyar da kai ta yi mana gaisuwa, sannan ta ce mu kawo takardar shaidar mutuwa daga asibiti. Na ce a ɗakina ya cika, kansa a cinyata, ni ce shaidar. Ta ce ta yarda da ni, amma na'ura takarda take so. Ta ƙara da cewa saura kwana uku wata ya ƙare, in ba a tsayar ba tara ta biyar za ta hau.

Kwana ukun nan ban kunna inji ba. Mata suna aiko wake ina mayarwa, don ƙararsa ta zame mini kamar ƙarar bashin yana ƙaruwa. Muka karɓo wasiƙar shaidar rasuwa daga mai unguwa da hatiminsa, muka je Ƙofar Ruwa mai inji ya rubuta cewa an biya shi tun kafin bakwai. A rana ta ukun aka shigar da mu wurin manaja, wani dattijo mai furfura a gemu. 'Yata ta yi ta faɗa, rabi Hausa rabi Turanci. Ni kuwa kuɗin da na ranto a ɓoye wurin maƙwabciyata suna ɗaure a bakin zanina, ina jiran ta gaji in kwance.

Manajan ya ce cirewar wata-wata ya tsayar yanzu. Tarar kuwa ba shi da ikon gogewa sai ya rubuta wa manyansu. Mu dawo bayan mako biyu. Na kai hannu bakin zani, 'yata ta danne mini shi a ƙarƙashin tebur, ta riƙe gam har muka tashi. Na ce a raina, in na mutu a cikin mako biyun nan, da wane ido zan dubi babanta?

Da muka koma ya miƙo takarda ya ce an goge duka huɗun. 'Yata ta karanta ta ce haka ne. Na juya takardar, ni ba karatu ba.

Na ce, "Alhaji, wa ya yafe?"

"An cire daga na'ura, Hajiya."

"Na'ura ba ta da bakin yafewa. Wa zan ce ya sake shi?"

Sai ya ajiye biro, ya kira yarinyar kantar nan da mai gadi suka tsaya. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ku shaida. Marigayi bai ci kuɗinmu ba, ba ma bin sa komai, tun farko ma ba mu da haƙƙi a kansa. Allah Ya jiƙansa."

Mai gadi ya ce amin. Sai da muka zo bakin titi muna jiran mota na ce wa 'yata ta tsaya, mu biya ta gidan liman in gaya masa, kafin mu mayar wa maƙwabciyata kuɗinta.