Murfin Alƙalamin Baba Rajista

Ranar Litinin, huɗu ga watan Maris na shekarar 1996, da ƙarfe takwas saura minti goma, wani akawu ɗan shekara talatin da huɗu ya shiga ofishin rajistar haihuwa riƙe da takardar canjin wurin aiki. Daga ofishin ruwa aka taso shi, inda ya yi shekara tara yana rubutu da biro. Ɗakin da aka nuna masa yana da taga biyu, da fanka ɗaya mai ƙara, da tebur uku. A na farko wani siririn dattijo ne zaune, ya naɗe hannun rigarsa na dama har gwiwar hannu, gabansa littafin da faɗinsa ya kusa cinye teburin. Shi ake kira Baba Rajista. Baƙon kuwa tun daga wannan safiya ya zama Na-biyu, saboda teburi na biyu aka ba shi.

Bayan gaisuwa, Baba ya buɗe aljihun teburinsa ya miƙa masa alƙalami mai shan tawada da kwalba guda. Ya ce masa biro ba ya taɓa babban littafi, domin rubutun biro yakan dusashe kafin jaririn da aka rubuta ya yi furfura. Ya ba shi farar takarda ya ce ya rubuta layi uku ya ga hannunsa. Na-biyu ya cire murfin, ya kifa shi a gindin alƙalamin kamar yadda ya saba yi wa biro, ya duƙa zai fara.

"Tsaya tukuna," in ji Baba. "Wa ya gaya maka gindinsa na jin sanyi?"

Matar da ke teburi na uku, wadda kowa ke kira Anti mai tafireta, ta ƙyalƙyale da dariya ba tare da ta ɗago ba. Ta ce wa Na-biyu ya gyara zama, an zo wurin karatun safe.

Dalilan Baba uku ne, kuma a jere yake kawo su kullum. Na farko, murfi a baya yana janye nauyi daga bakin alƙalami, sai mutum ya riƙa danna takarda da ƙarfi. Na biyu, cikin murfi ba ya rasa ɗigon tawada. In an kifa shi sai ta shafi jikin alƙalamin, daga nan ta hau hannu, daga hannu ta sauka a kan sunan ɗan mutane. Na uku, yawan cusawa yana tsaga bakin murfi, murfin da ya tsage kuma ba ya hana tawada bushewa. Akwai na huɗu da bai cika faɗa ba. In wani ya ari alƙalaminsa don sa hannu, yakan miƙa masa alƙalamin tsirara, murfin ya zauna a wurinsa. Ba wanda zai jefa buɗaɗɗen alƙalami cikin aljihun farar riga, saboda haka a shekara ashirin da shida nasa bai taɓa yin tafiya ba.

A hannun hagu yake riƙe murfin. Da shi yake danne gefen shafi, da shi yake bin layin da zai cika, da shi yake nuna wa masu jira benci. Anti takan ce ranar da gobara ta tashi a ofishin nan, sai Baba ya rufe alƙalami ya goge bakin kwalba kafin ya nemi ƙofa.

Na-biyu yana da tasa hujjar. Teburinsa ya ɗan karkata, duk murfin da ya ajiye sai ya gangara ya shige ƙarƙashin kabad, riƙe shi a hannu kuwa yana sa masa gumi. Saboda haka a gaban Baba yakan bi doka, in Baba ya fita shan shayi ya kifa abinsa. Sau da yawa Baba zai dawo, ya dubi tsakanin babban yatsan Na-biyu da manuni, ya ga shuɗin tabo, ya ce masa sannu da aikin rini. Haka suka yi shekara bakwai, ba wanda ya ci wani.

Amma a kan hannun Baba babu gardama. Haruffansa suna tsaye daidai wa daida, ba ƙawa, ba wutsiya. Dokar littafin ita ce in an yi kuskure a ja jan layi ɗaya a kai, a rubuta gyara a sama, a sa hannu a gefe. Wata rana da aiki ya yi sauƙi, Na-biyu ya bi littattafan da Baba ya cika tun daga na tara, ya ƙirga jan layi goma sha ɗaya kacal. Shi kansa a shekararsa ta farko ya yi goma sha tara. Baba ba ya rubuta suna sai ya sa uban yaro ya faɗe shi sau biyu, ya gwada a takardar banza, ya juya masa ya gani. In layi ya yi tsawo masu jira suka fara tsaki, sai ya ce musu yaron nan da wannan rubutun zai shiga makaranta, da shi zai nemi aiki, minti biyu ba su yi yawa ba.

A farkon shekarar 2003 hannun ya fara rawa. Na-biyu ne ya fara gani, a haruffan da suka soma karkarwa kamar an rubuta su cikin mota. Anti ma ta gani, ta daina tsokana. Cikin wata uku jan layi huɗu suka shiga littafi na arba'in, wanda Baba ya buɗe da hannunsa yana kuma fatan rufe shi da hannunsa kafin ya yi ritaya a watan Yunin shekara mai zuwa.

A lokacin an kawo sabuwar shugaba, mace mai tsare aiki wadda ba ta da mugunta. Ranar biyu ga Mayu ta sa aka kai mata littafin, ta duba, ta kira Baba. Ƙofar ofishinta ba ta rufuwa sosai, kowa ya ji. Ta ce tana girmama shi kamar mahaifinta, sai dai littafin na jama'a ne. Ta ba shi mako biyu. Ranar sha biyar ga wata za ta tsaya a kansa ya rubuta, in hannun bai zauna ba zai koma ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli har ya gama wa'adinsa, littafin ya koma teburi na biyu.

Na-biyu ya san ɗakin nan. Ba taga, sai ƙwan lantarki ɗaya da warin tsohuwar takarda. Ya kuma san cewa shi za a ba kujerar, abin da ya sa ya kasa haɗa ido da dattijon kwana biyu.

A rana ta uku, lokacin shan shayi, ya lura da wani abu. Cokali yana kaɗawa a hannun Baba har yana buga kofi, amma da ya ɗauki kofin cike sai rawar ta ragu. Da rana ya sake lura. Hatimin ƙarfe na buga kwanan wata, mai nauyi, yana sauka daidai inda Baba ya nufa. Ashe abu marar nauyi ne hannun ya daina riƙewa. Alƙalamin Baba kuwa jikinsa roba ne, murfinsa ƙarfe, kusan rabin nauyin yana cikin murfin.

Ya jira Anti ta fita, ya ja kujera kusa, ya yi bayani a hankali, yana kewaye-kewaye, har dai ya iso inda za shi.

"Baba, da za ka gwada kifa shi. Sau ɗaya kawai, a takardar banza."

Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Shekara talatin da uku ina hana mutane, kai ma bakwai ina hana ka. Yanzu don hannuna ya yi rawa sai bakina ma ya yi rawa?"

Ya rufe alƙalamin, ya sa a aljihu. Daga ranar in ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa su. Na-biyu ya gaya wa matarsa a gida cewa ya yi karambani, ta ce masa ya dai faɗi abin da ya gani, ya bar tsohon da ransa.

Ranar Alhamis, sha biyar ga Mayu, ƙarfe goma, shugaba ta fito ta tsaya a gefen teburi na farko. Wanda layi ya zo kansa wani direban bas ne da aka haifa wa 'yan biyu mata, yana riƙe da takardar asibiti, bai san komai game da abin da ake ciki ba. Baba ya sa shi ya faɗi sunan ta farko sau biyu. Ya cire murfi, ya riƙe a hagu, ya gwada a takardar banza. Harafin farko ya fito, na biyu ya karkace, na uku ya zama kamar sawun tururuwa. Tafiretar Anti ta yi shiru.

Baba ya ajiye alƙalamin. Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar auduga da aka naɗa a tsinke, ya goge cikin murfin tas, ya duba audugar, ya sake gogewa. Sannan ya kifa murfin a gindin alƙalamin, a hankali, bai danna ba. Daga yadda ya gyara riƙonsa, ya ɗan ja yatsunsa baya don nauyin ya kwanta a kan hannu, Na-biyu ya gane ba yau ya fara ba. Tsohon ya yi kwanaki yana gwadawa a gida bai gaya wa kowa ba.

Sunan ya fito sarai a takardar gwaji. Baba ya jawo babban littafi. Sai ga wata matsala da ba wanda ya yi tunaninta: hannun hagu. Shekara talatin da uku yana riƙe da abu, yau ba komai, sai ya shiga lalube a kan shafin, yatsun suna buɗewa suna rufewa, takardar tana motsi. Na-biyu ya zare murfin nasa alƙalamin, ya miƙa hannu ta ƙarƙashin gwiwar shugaba, ya sa shi a tafin Baba. Yatsun suka rufe a kai. Baba bai waiwayo ba, ya danne gefen shafi da shi, ya fara.

Minti shida ya ɗauka kafin ya cika layin yaran biyu, aikin da a da yake yi cikin uku. Haruffan sun ɗan yi kauri, amma suna tsaye. Shugaba ta duƙa ta karanta, ta sa ya yi wa mutum uku na gaba, ta sake karantawa. Ta ce littafi zai zauna inda yake, amma Na-biyu zai riƙa karɓar layin rana bayan ƙarfe biyu, lokacin da hannu ya gaji. Baba ya ce ya gode, ranki ya daɗe. Direban ya tambayi Anti ko kullum haka ake taruwa a kan mutum a nan, ta ce masa a'a, 'yan biyu kawai ake yi wa.

Da aka watse, Baba ya mayar wa Na-biyu murfinsa. Alƙalamin Na-biyu ya yi awa guda a buɗe ƙarƙashin fanka, bakinsa ya bushe ƙamas, sai da ya jiƙa shi a ruwa. Baba yana kallonsa yana wankewa ya ce, "Ka ga amfanin murfi ke nan." Washegari Na-biyu ya kawo masa murfin wani mataccen alƙalami daga gida, ya zama na hannun hagu.

Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure a da ba, Na-biyu kuma bai taɓa neman ya faɗa ba. In sabon ma'aikaci ya zo, dalilan nan uku Baba yake jero masa kamar kullum, alƙalaminsa da murfi a gindi yana kwance a gabansa. In an nuna masa sai ya ce wannan magani ne, mai lafiya ba ya sha.

Ranar tara ga Disamba, da safe, Baba ya zo ya ajiye murfin alƙalaminsa a kan teburi na biyu. Wani siririn tsagi ya hau bakinsa, tsawon ƙwayar shinkafa.

"Dalili na uku," in ji shi. Ya faɗa da jin daɗi sosai.

'Yarsa ta fari, wadda take ɗinki, ta naɗe wurin da baƙin zare ta shafa gam, murfin ya ci gaba da aiki. Daga ranar gwajin zuwa ƙarshe, jan layi biyu ne kawai suka ƙaru a hannunsa.

Ranar Laraba, talatin ga Yunin 2004, Baba Rajista ya cika layin ƙarshe na littafi na arba'in, ya ja layin rufewa, ya sa hannu, ya miƙa wa Na-biyu makullin kabad. Ya koma zama a gidan 'yarsa. Rawar hannun ta ƙaru, bayan shekara biyu ya daina rubutu gaba ɗaya, amma Na-biyu yakan kai masa ziyara farkon kowane wata, kuma duk zuwa sai tsohon ya kama hannunsa ya duba tsakanin yatsu. Baba ya rasu a watan Satumban 2009, yana da shekara sittin da biyar. Bayan mako uku 'yar ta zo ofis da alƙalamin cikin ambulan, ta ce shi ya ce a ba na teburi na biyu. Na-biyu yana rubutu da shi har yanzu a teburi na farko. Ba ya kifa murfin, domin zaren ya fara saki, dannawa ɗaya za ta ƙarasa tsagin. A hannun hagu yake riƙe shi.