Bugun da na ɓoye sati uku

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Wannan rubutun ma sau huɗu ina farawa ina gogewa.

Aikin shara ne ya kawo ni wani filin ƙanƙara a Doha, a nan na koyi tsaron raga a wasan hoki. Ba ni da ƙungiya. Duk wadda golanta bai zo ba, ni take kira. A wasan nan in an buge ka, miƙewa kake ka ce ba komai. Golan haya kuwa, ranar da ya yi ƙorafi, ranar ake daina kiransa.

Ana cikin gasar Kofin Duniya ta ƙwallon ƙafa, a wani wasanmu na hoki, faifan robar da ake bugawa ya same ni a gefen kai. Hular kwanona ta tsage. Kyaftin ɗin ƙungiyar ya ce, "Yalla, tashi Sani, lafiya?" Na ɗaga masa sandar wasa, alamar ba komai.

Sai ciwon kai, sai amai. Kullum in rubuta a littafina: "Gajiya ce." Ni kaina ban yarda ba.

A sati na uku kofin shayi ya suɓuce mini. Issaka, mutumin Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Al Muntazah, ya zuba mini ido.

"Ɗan'uwa, bakinka ya karkace."

"Gobe ina da wasa."

"Wasa? Kai da maɓallin riga ya gagare ka? Khalas, ya isa, tashi!"

Aka ɗauki hoton kaina. Likita ya ce, "Jini ne ke taruwa a kan ƙwaƙwalwarka. Yau za mu yi tiyata, ba gobe ba."

Aka miƙo takardar amincewa, hannuna ya kasa riƙe biro. Abin da nake ta tunani: wa zai kai gawata Kano? Na kira matata na gaya mata. Ta ce, "Baban Hafsat, ka dawo mana ko hannu wofi."

Sun huda ƙoƙon kaina wuri biyu. Na yi watanni ina matsa ƙwallon roba kafin yatsuna su saki.

Alhamdu lillahi. Issaka, likitoci da nas-nas, Allah ya saka muku da alheri.

Likita ya ce bugu ɗaya nan gaba zai iya kashe ni. Jiya wata ƙungiya ta kira. Na ce, "Ku nemi wani." Na yi kuka.

Don Allah, duk wanda ya bugu a kai, ko a wurin gini ne, ya je asibiti a ranar. Kada ya jira bakinsa ya karkace.