Inda Muke Ci da Inna

Yayana Endel bai iya zama ba. Tun muna yara haka yake, amma tun da Rasha ta afka wa Ukraine abin ya zama ciwo. In ka je gidansa, ko dai ka same shi a rumbun ƙarƙashin ƙasa yana sake jera kwalaben kokwamba, ko a ƙarshen gona yana leƙen gabas, rediyo na ta surutu a aljihunsa. Marigayiya matarsa takan ce ta auri kaza mai neman wurin yin ƙwai.

Shekarunsa sittin da takwas. Ya yi shekara talatin yana tuƙin motar madara, sannan ya koma noman dankali a gonar da Baba ya bar mana, a ƙauyenmu na kudu maso gabashin Istoniya. A ƙarshen gonar akwai ɗan tudu mai itatuwa uku, sai shingen waya. Bayan shingen kuwa Rasha ce.

Inna tana bayan shingen nan. Da ta rasu a 1989, mun kai ta makabartar coci inda ake kai kowa namu, tafiyar rabin awa a ƙasa. A lokacin babu wata iyaka, don Rasha ke mulkinmu. Da ƙasarmu ta sami 'yanci, sai layin ya ratsa tsakaninmu da makabartar. Matar da aka cusa a taragun shanu tana da shekara goma sha bakwai aka kai Saberiya, ta yi shekara bakwai kafin ta ga gida, ga ta kuma a hannun Rasha har bayan mutuwa. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

Mu kuwa ba ma barin matattunmu su yi salla su kaɗai. Duk watan Agusta, ranar bikin tuffa, mukan shimfiɗa ƙyalle mai ado a kan kabari, mu jera baƙin burodi da cuku da dafaffen ƙwai da tuffa, mu ci, mu ba mamacin labarin wanda ya haihu da wanda ya yi abin kunya, mu bar masa ɗan kofinsa cike. Shekara da shekaru muna neman takardar izini, mu bi layi a kan iyaka, mu je wurin Inna. Da yaƙi ya tashi, Endel ya shiga cikin 'yan sa-kai masu tsaron ƙasa, aka ce masa in ya kuskura ya tsallaka, wataƙila ba zai dawo ba. Sai ya mayar da shimfiɗar ƙarƙashin itatuwan nan uku, inda ake hango kan cocin. Agusta uku muka ci da Inna a wurin.

Mijina Aare, tsohon malamin makaranta, shi ne abokin musunsa.

"Janar, zauna ka sha shayi mana," in ji Aare wata rana. "Muna cikin NATO. Manya suna da makamin ƙare-dangi. Wa zai taɓa mu?"

"Malam, ka karanta littafi har ya karanta ka," in ji Endel. "Wani yana can ƙetaren teku zai bari a ƙone masa birni saboda dankalina? Ko sunan ƙauyen nan bai iya faɗa ba!"

"Ai ba sai ya harba ba. Tsoronsa kawai ya isa."

"Kare ma yakan gane sandar da ba za a buga masa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu haƙa ramukanmu da kanmu."

Haka yake faɗa a kanti, a bakin coci, har a gidan biki. Ashe baki shi ke yanka wuya.

A watan Yuni wani hafsan soja mai suna Tarmo ya zo da taswira. Ana gina ɗakunan kankare na tsaro a bakin iyaka, ya ce, kuma suna roƙon tudun nan mai itatuwa uku, don daga nan ake ganin hanyar da ta taso daga wajen coci.

"Ɗauki wancan gefen," in ji Endel. "Ɗauki rabin gonar ma."

"Baba, wancan gefen kwari ne," in ji Tarmo. "Ba a ganin komai daga can."

Ya ba shi mako biyu ya yi shawara. A mako biyun nan Endel ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya fasa itacen da zai ishe shi hunturu biyu, ya zo gidana sau huɗu a yini bai taɓa cire hula ba. Ni dai na faɗa masa gaskiyata.

"Yaya, kada ka bayar. Sun raba mu da kabarin, yanzu kuma namu za su raba mu da hangensa? Su je gonar wani."

Aare ya buɗe baki zai yi tsokana, na harare shi ya haɗiye.

Endel ya tsaya a bakin taga. "Leida, kin tuna abin da Inna ta ce ya fi yi mata ciwo ranar da aka zo ɗaukarsu?"

Na tuna. Ba sanyi ba ne, ba yunwa ba. Ta ce kowa a ƙauyen yana bayan labule yana jiran farin jirgin ruwan da aka ce zai zo daga Yamma ya cece su. Ta ce har taragun ya tashi tana leƙe ta tsagar katako ko wani zai fito.

"Ba wanda ya fito," in ji shi. Washegari ya sa hannu.

Na yi kwana goma ban yi masa magana ba. Ranar da aka sare itatuwan na rufe tagogina don kada in ji ƙarar zarto, amma na ji.

Da ranar bikin tuffa ta zo, sai ga shi a ƙofata da kwando, ya ce Tarmo ya ba mu awa guda. Na bi shi ina ƙunƙuni. Muka sauka cikin ɗakin kankaren, mai sanyi da warin siminti. Babu taga sai wata siririyar kafa ta ɗora bakin bindiga. Na leƙa. Ga kan cocin nan daidai tsakiyarta, ga itatuwan makabarta a ƙarƙashinsa.

Endel ya shimfiɗa ƙyallen a bakin kafar, ya jera burodi da ƙwai da tuffa, ya cika ɗan kofin. Ya ba Inna labarin jikarta da ta haihu a Tartu, da dankalin bana da tsutsa ta ci. Sannan ya cire hularsa.

"Inna," ya ce, "in ranar ta zo, ni aka ba wa wurin nan. Ki sunkuyar da kai."