Birkilan Majami'ar Duvu

Sau uku Dawuda Zira yana sa hannu a ginin majami'ar ƙauyensu da ke Duvu. Na farko a 1993, yana saurayi: tubalin laka, rufin ciyawa, matan zumunta na ɗebo ruwa daga rafi. Da jama'a ta ƙaru har wasu na sujada a waje, aka rushe aka yi na bulo da kwano a 2006. Lokacin ya zama cikakken birkila, shi ya ja igiya, shi ya zuba linta.

A ƙarshen 2014 'yan bindiga suka shiga Mubi da ƙauyukan kewaye, har da Duvu. Dawuda da matarsa Susana suka tsallaka Kamaru a ƙafa. Da suka dawo, suka tarar an ƙone majami'ar: kwanon ya murɗe, bencina sun zama toka, bangon kaɗai ke tsaye.

Ya zagaya yana ƙwanƙwasa shi da guduma, sannan ya sami shugaban dattawan ikkilisiya, Baba Ya'akubu.

"Baba, bulon nan ya sha wuta, ya mutu. A sauke shi, a faro daga tushe."

"Dawuda, mutane sun gaji da sujada a rana. Rufi kawai za mu ɗora kafin damina."

"Wannan bango ba zai ɗauki katako ba."

"Mun ji. Za mu zauna."

Sau shida dattawa suka zauna, ba a kira shi ko sau ɗaya ba. Aka ɗauko kafinta daga Mubi ya ɗora rufi. Cikin Agustan 2016, wata Talata da rana, bangon gabas ya rufta da rabin kwanon. Allah ya taimaka babu kowa a ciki.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne maganar da ta biyo baya, wai aikin birkila ne tun asali bai yi ƙarko ba. Ya rantse ba zai sake taɓa cokalin gini a wurin ba. Susana ta ce, "In ka ƙi, wa za su kira? Kuma mu ne za mu zauna a ƙarƙashinsa."

Ya koma. Zuwa Maris 2017 sabon gini ya kai taga, sai aiki ya tsaya cak: dattawa sun rabu biyu kan ko a bar ƙofa tana fuskantar titi ko a mayar da ita ta fuskanci gidan fasto. Mako uku Dawuda yana zuwa da safe, ya yayyafa wa bulo ruwa, ya dubi hadarin da ya fara haɗuwa, ya yi tsaki ya wuce gona.