Iya Sinulim, Mai Sauraron Randa

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Tambunan, Iya Sinulim ta riga ta fito da 'yar sandarta ta gora. Ba ta gina tukunya, ba ta sayar da giya. Duk mai shirin dafa shinkafa don tapai, giyar bikin girbi, ita yake kira ta zaɓa masa randa. Sai ta durƙusa ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne, sannan ta cusa hanci. Wadda aka taɓa tsima kifi a ciki, ture ta take yi: "Wannan ta ci kifi, ba ta mantuwa."

Bana kunnen ya yi nauyi, ta ajiye sanda. Amma maƙwabta ba su manta da abin da suka gani a gidan Gompit ba.

Girbin farko ke nan bayan rasuwar matarsa Lomiah, wadda giyarta ta fi ta kowa zaƙi. In tasa ta yi tsami a gaban baƙi, za a ce gidan ya mutu tare da ita. Ya kafe sai a randarta zai yi.

Iya ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne, ta sake.

"Yaya dai, Iya? Ko kunnen ne ya tsufa?"

"Kunnen nan ya ji kukanka na farko, ja'iri. Randar ta tsage, siririya kamar gashi. Iska za ta shiga, ka shayar da mutane ruwan tsami."

"Ba ta taɓa ba Lomiah kunya ba."

"Ranar da aka fito da gawa an ja randar gefe da ƙarfi. Ina tsaye."

Gompit ya sunkuyar da kai. "In ba a cikinta ba, na fasa."

Ba ta yi masa musu ba. Ta koma gida ta goyo randar da ta gada wurin mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa ba kowa aro ba. Sannan ta sa ya sauko da ragowar ƙullin tsimin da Lomiah ta murza da hannunta, wanda shi ke mai da shinkafa giya, suka barbaɗa wa shinkafar, suka zuba a randar Iya, suka rufe da ganyen ayaba.

"Daɗin a hannunta yake, ɗana, ba a laka ba. Mai tsagar kuma ka riƙa ajiye tsimi a ciki, shi iska yake so."

Ranar biki, dattijon da ya fara zuƙar giyar da siririn bututun gora ya ɗago kai ya ce, "Ashe Lomiah tana nan."

Iya, ke ce mai faɗin gaskiya ba ki bar mutum hannu wofi ba. Mun gode. Ku kuma masu tasowa, ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya nuna muku inda ake kara kunne. Sandar tana nan jingine a bakin ƙofarta.